Alaimen na kwamfuta: yadda aikin ya kasance a Corolla ta

Masu alaimen, wato saita tayoyin mota su miƙe daidai, iri biyu ne a Kano, akwai masu igiya da tef, akwai masu na'urar kwamfuta. Wannan karon wajen na biyu na kai Corolla ta, ƙirar 2007, domin tayar gaba ta hagu ta cinye ta ciki har zanen ya kusa shafewa, gefen waje kuwa ras. In ka shafa ta da hannu, ta ɓangare ɗaya sumul, ta ɗaya kamar haƙorin zarto. Sitiyari ma sai na ɗan karkata shi kafin motar ta miƙe.

Abin da ya sa nake yaba wurin ba na'urar ba ce. Kafin a hau da motar kan gadar ƙarfen da ake awon a kanta, ogan ya sa aka ɗaga gabanta, ya kama tayar da hannu biyu ya girgiza hagu da dama, ya ce, "Alhaji, zo ka ji da kanka." Ƙwas-ƙwas take yi. Kan tayirod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ya mutu. Ya ce in aka saita a haka, ramin farko da na faɗa zai wargaza aikin, kuɗina ya tafi a banza. Na san wuraren da za su karɓi kuɗin su yi shiru. Sai da na sayo sabo aka ɗaura, aka duba boljoyin da bushin, wato mahaɗa da robobin ƙafar mota, aka daidaita iskar tayoyin huɗu da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, sannan aka fara.

Suna maƙala faranti a kowane rim, kyamara ta karanta, lambobi su fito a allo, ja ko kore. Abu uku take aunawa: ko bakin tayoyin gaba ya tsuke ciki ko ya buɗe waje, jinginar taya in ka kalle ta daga gaba, da kwanciyar sandar da taya ke juyawa a kanta. Nawa na farkon ne ya lalace, bakin ya buɗe waje. Tazarar milimita kaɗan ce, ido ba zai kama ba, amma ta isa taya ta riƙa goga kwalta a karkace duk tsawon tafiya. Yaron ya kulle sitiyari a tsakiya, ya shiga ƙasa yana murza tayirod ɗin kowane gefe har allon ya koma kore. Na baya dai aunawa kawai aka yi, irin wannan Corolla ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyinta na baya, ba wurin murzawa.

Inda ban ji daɗi ba: jira. Ba wuta, sai da motoci suka taru kafin a tayar da janareto. Firinta ba takarda, da waya na ɗauki hoton allon. Kuma sai da na nemi a zaga da motar a gwada, da makulli kawai za a miƙo mini. Sun so su haɗa mini da balansin, wato daidaita nauyin taya, na ƙi, tunda sitiyarina ba ya rawa in na kai gudun kilomita 100 a awa, kuma wannan ciwo daban ne da maganinsa daban.

Yanzu sitiyari ya zauna daidai, bayan kwana yana komawa da kansa, kukan da taya ke yi a shataletale ya daina. Tana ɗan zamewa dama in na sassauta hannu, amma wannan gangaren titi ne da ake yi don ruwa ya sauka kwalbati. Tayar da ta cinye kam ba ta dawowa, na canza biyun gaba, kuma kuɗin alaimen ɗin bai ko kusanci kuɗin guda ɗaya ba. Zan koma wurin bayan damina, da sassafe kafin layi ya yi tsawo.