Ƙirjin mutum ko jirgin tururi: safarar hatsi a Ribinsk

A tsakiyar ƙarni na 19, attajirin da ke son hawo da hatsi zuwa Ribinsk, inda kogin Sheksna ya haɗu da Volga a Rasha, yana da zaɓi biyu: ya ɗauki 'yan ja, waɗanda ake kira burlak, ko ya biya jirgin tururi.

'Yan ja su ne tsohuwar hanya. Talakawan ƙauye ne da ke karɓar aiki ƙungiya-ƙungiya idan ƙanƙara ta narke. Kowa ya saƙala ɗamarar fata a ƙirji, a haɗa ta da igiyar jirgin, su bi gaɓa suna ja, ruwa na maido su baya. Gogagge ke gaba, waɗanda bashi ya ci kuɗin aikinsu a tsakiya, masu himma a baya suna tsikarar su. Waƙa ce ke daidaita ƙafa. Ranar da iska ta yi daidai sai a ɗaga tantin jirgin iska ta tura shi, su kuma su huta. Suna da araha, amma tafiyar hawainiya ce, ga zufa kamar me.

Jirgin tururi kuwa itace yake ci, ya ja jiragen kaya da dama a lokaci guda. Bayan kafa kamfanin jiragen Volga a 1843, sannu a hankali ya ƙwace kasuwar. Da ni ne attajirin, gaskiya shi zan ɗauka.

Garin bai yi asara ba, don a lokacin a nan ake sauke hatsi zuwa ƙananan jirage masu bin hanyar ruwa ta Mariinsk zuwa birnin Sant Pitasbag. A 1977 aka kafa gunkin ɗan ja a bakin kogin, yana zaune yana kallon ruwa.