Tsohon Evinrude da na saya a Minesota

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali. A gaishe min da Inna, a ce mata saƙonta ya iso.

Ka tambaye ni ko a nan ma ana fama da injin jirgin ruwa kamar yadda kuke fama a Yawuri. Bari in ba ka labarin nawa. Jihar Minesota ta Amurka tafkunanta sun haura dubu 11, shi ya sa unguwa kaɗan ce za ka ratsa ba ka ga kwale-kwalen alminiyam a bayan gida ba. A watan Mayu na sayi na hannu wurin wani dattijo, haɗe da inji Evinrude mai ƙarfin doki 18, ƙirar 1970. Injin ya girme ni nesa ba kusa ba. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami, ko tari bai yi ba.

Na ɗauke shi zuwa shagon gyara. Mai shagon ya duba lambar jikinsa kawai, ya ce ba sa taɓa inji mai irin waɗannan shekaru. Kuɗin aikin awa ɗaya a wurinsu ya haura dala 100, kafin a gama lalube kuɗin gyara ya ninka kuɗin injin. Ko da zai karɓa ma, sai na jira mako uku. Nan take na tuna da kai a bakin ruwa, zaune kan jarka, kana kwance kafireta a cikin murfin kwano, mai jirgi na tsaye yana jira fasinja na ciki.

Sai na koma gareji na bi yadda ka koya min: a fara da wuta kafin a zargi mai. Na cire fulogi biyun, na jingina su da jikin inji, na ja igiya. Ɗaya wutarsa ja-ja, ba ƙarfi, ɗayan kuwa babu ko ƙyas. Da na ɗaga fulawil, faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji, na ga dalili: kwayil biyun da ke ba fulogi wuta duk sun tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, kontak ɗin kuma sun yi baƙi ƙirin.

A nan ne Amurka ta burge ni, gaskiya. Kamfanin OMC da ya ƙera injin ya durƙushe tun 2000, waɗanda suka gaje shi kuma sun daina ƙera Evinrude a 2020. Duk da haka ina buga lambar injin a intanet sai ga zanensa dalla-dalla, kowane noti da lambarsa. Kwana huɗu, kwayil da kontak da kondensa suna bakin ƙofata, kuma suka zauna daram, ba goge wannan, ba lanƙwasa wancan. Na saita tazarar kontak a inci 0.020, ja biyu ya tashi.

Murna ta koma ciki. Muddin cok, mai rage iskar da ke shiga kafireta, na jaye injin yana aiki, da na mayar sai ya shaƙe ya mutu. Ka san wannan yunwar mai ce. Na buɗe kafireta na tarar da wani abu ruwan ƙasa mai danƙo kamar ƙaro ya kwanta a gindinta, jet, ɗan ramin da mai ke bi, ya toshe, allurar fulot mai tsayar da shigowar mai ta manne. Wannan ciwon ku ba ku cika ganinsa ba, domin Yamaha Enduro 40 ɗinku ba ya hutu, daga ranar kasuwa sai jigilar buhuna. A nan tafki daskarewa yake yi, har mota ta hau kansa, inji ya kwanta tun Nuwamba sai Afrilu ko Mayu da ragowar mai a cikinsa. Ga shi fetur ɗin da ake sayarwa kashi 10 cikin ɗari sinadarin itanol ne da ake tatsa daga masara. Yana jawo danshi, yana cin tsohuwar roba. Tiyon man ma da na murza shi sai ya riƙa marmashewa a hannuna. Akwai famfon fetur marar gauraye a wasu gidajen mai, ya fi tsada, yanzu shi nake saye, in zuba baƙin mai kashi 1 cikin 50.

Littafin gyara ya hana zura waya a cikin jet, wai ramin zai buɗe. Na fesa maganin wanki sau uku bai wuce ba. Na zaro silin wayar lantarki guda, na zura a hankali, na hura da baki irin naka. Yanzu yana tafiya lafiya lau, ko a silo ba ya mutuwa.

Kaya dai a nan ba ka fargabar jabu. Amma har yau ban gamu da wanda zai saurari kukan inji daga nesa ya ce maka fulogin ƙasa ne ya jiƙe ba.

Batun kafiretar da ka ce in nemo maka, sabon inji irin naku da ake gauraya masa mai da fetur ba a sayar da shi a nan, dokar hayaƙi ta kore shi, don haka kada ka sa rai sosai. Fulogi na NGK kuwa akwai na gaske. Ɗauko hoton lambar da ke jikin naka ka turo min ta WhatsApp kafin ƙarshen wata, akwai mai zuwa gida.