Hattara da motar da ke da takarda amma lambarta ta aro ce

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk wanda aka yi wa tallar tsohuwar motar tsere daga Turai, ko aka ce ya zuba kuɗi a haɗa a saya don a ci riba. Dillali zai turo hoton takardar kamfani mai tambari, ya ce ga shaida. To a bi a hankali, don a nan damfarar take.

Abin da ake saye a waɗannan motoci lambar casis ce, wato lambar da kamfani ke bugawa a ƙarfen jikin kowace mota. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera, kuma a 2018 an yi gwanjon ɗaya a Amurka kan dala miliyan 48 da 'yan kai. Porsche 911 Carrera RS ta 1973 kuwa 1,580 ne. Da kuɗi ya kai haka, sai maƙaryata suka samu sana'a.

Ga yadda suke yi. Su sayi 911 gama-gari ta wannan zamanin, mai araha, su yanke ɗan ƙarfen da lambar casis take a kai, su yi waldar wani mai ɗauke da lambar RS, a goge, a shafe da fenti. Lambar ta gaskiya ce. Ta wata mota ce da ta ƙone, ko aka sace, ko ma tana nan lafiya lau a garejin wani a wata ƙasa. Kafin 1981 ba a daidaita lambar casis mai gurbi 17 ba, gajerun lambobi ne da ake bugawa a ƙarfe, kwaikwayonsu ba wuya. Wani lokaci mota ɗaya da ta yi hatsari ake raba biyu, wannan ya ɗauki inji, wancan ya ɗauki casis, kowa ya tayar da tasa.

Ita takardar fa? Yawancinsu, irin wadda ma'ajiyar tarihin Jaguar ke bayarwa a Ingila, daga littafin kamfani ake kwafo su: ranar ƙira, launi, lambar inji. Ba wanda ya je ya ga motar. Kamar takardar haihuwa ce, tana nuna an haifi yaron, ba ta nuna wanda ya riƙo ta shi ne ba. Ferrari Classiche, sashen kamfanin Ferrari mai tantance tsofaffin motocinsa, ya fi tsanani, don sai an duba motar kafin a ba da jan littafinsu na shaida.

Kuma kada sunan mai sayarwa ya ruɗe ku. A 2023 'yan sandan Jamus sun kai samame wani shahararren garejin gyaran Mercedes 300 SL kusa da Stuttgart, bisa zargin motoci biyu masu lamba ɗaya. Jerry Seinfeld ma, ɗan wasan barkwancin Amurka, da duk sanin Porsche ɗinsa, an maka shi kotu a 2019 kan wata ƙirar 1958 da mai sayen ya ce jabu ce.

Kafin ku biya ko sisi, ku ɗauko gwani naku, ba na dillali ba. Ya auna kaurin fenti a kewayen lambar, ya leƙa bayan ƙarfen ya ga ko akwai tabon walda, ya gwada siffar alƙaluman da na motocin shekarar. Akwai na'urar maganaɗisu da ke fito da tsohuwar lambar da aka kankare. Ku tambayi ƙungiyar masu irin motar ko lambar tana hannun wani, ku nemi jerin waɗanda suka taɓa mallakarta. In akwai giɓin shekara ashirin da aka ce wai a rumbu aka tsinto ta, ko dillali ya hana a taɓa fenti kuma ya ce akwai wani mai saye gobe, ku riƙe kuɗinku.