Manhajar Smiling Mind ga kocin ƙananan 'yan wasa

Wata ƙungiya mai zaman kanta a Ostireliya ce ta fitar da Smiling Mind a 2012, kuma kyauta ake sauke ta. Darussanta na murya ne, gajeru, an tsara su daidai da shekarun yara. Suna koya wa yaro ya lura da numfashinsa da jikinsa, ya gane fushi ko fargaba tun suna tasowa, kafin ya kai wa abokin karawa ƙafa.

Darasin bin sassan jiki ya fi amfani ga ɗan ƙwallo. Yaro ya zauna, ya bi jikinsa da hankali daga tafin ƙafa zuwa kafaɗa. A nan yake gano cewa muƙamuƙinsa na ɗaurewa, numfashinsa na gajarcewa idan alƙalin wasa ya busa masa laifi. Minti 3 zuwa 5 bayan atisaye sun isa, sau 3 a mako.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara gwadawa ranar gasa. Abin da ba a saba da shi cikin natsuwa ba, ba ya zuwa lokacin bugun fanareti. Haka kuma idan aka tilasta wa yara rufe ido, dariya ce za ta ɓarke. A bar su su kafa ido a kan ƙwallo.

Raunin manhajar shi ne harshe. Galibi da Turanci ake magana, da karin Ostireliya, babu Hausa. Gara koci ya saurara a gida, ya jagoranci yaran da bakinsa, a ajiye waya a jaka. Yaron da damuwarsa ta hana shi barci ko cin abinci kuwa, likita yake buƙata.