Tantin iyali bayan wata tara a hannuna: inda ya jure da inda ya gaza

Bikin 'ya'yan Baffana ne ya sa na sayi tanti a Disambar bara. Ƙauyenmu yana gefen Dadin Kowa, kuma wanda ya taɓa kwana a gidan biki na ƙauye ya san yadda makwanci yake: mata sun cika ɗakuna, maza sun bazu a zaure da masallaci, yara kuwa duk inda barci ya kama su. Mu shida ne, ni da maiɗakina da yara huɗu, autar kuma tana da tarin da sanyi ke tayar mata. Daga Gombe zuwa can bai kai tafiyar awa ɗaya ba, amma a yi kwana huɗu ana kai da kawowa cikin dare, ga tsadar mai, raina bai kwanta da hakan ba. Daga lokacin zuwa yau na kafa tantin a hunturu, na kafa shi a bazara, hadari kuma ya same mu a cikinsa, shi ya sa nake jin na isa in faɗi wani abu a kai.

Wajen wani mai sayar da jakunkuna da kayan tafiya na same shi a cikin garin Gombe. Da farko wani ƙarami ya jawo mini, ya ce, "Alhaji, wannan na mutum shida ne, kamar don ku aka yi shi." Na duba zanen da ke jikin kwalin, sai na ga yadda suka ƙirga shidan: mutane a kwance kafaɗa da kafaɗa, wasu kai da ƙafa, kowa da wajen santimita 60 kacal. Babu wurin jaka, babu wurin kwanon abinci, balle a yi zancen raba wa yara shimfiɗa. Babbar 'yata ta haura goma, ƙanenta na bin ta, kuma addini ya ce a raba musu makwanci a wannan shekarun. Sai na ɗauki wanda aka rubuta na mutum takwas, mai labulen tsakiya da ke raba shi ɗaki biyu. Yanzu da muka kwana a ciki, ina ganin ko shi daidai mu ne kawai, ba rara. Duk lambar da aka rubuta, a cire biyu, in da ƙananan yara da tarkacensu ma a cire uku.

Abu na biyu da na nace a kai shi ne tsawo. Akwai masu siffar ƙwarya a kife, sun fi arha kuma sun fi jure iska, amma babba ba ya iya miƙewa a ciki. Nawa tsakiyarsa ta kusa mita 2. Maiɗakina tana sallah a tsaye, tana canza kaya ba tare da ta durƙusa ba, kuma ita ta fara cewa da gajeren na kawo da ba za ta kwana biyu a ciki ba. Wannan tsawon ne daga baya ya zama abin da iska ta kama, zan zo kan wannan.

Kafin tafiya na kafa shi a tsakar gida don gwaji, kuma Allah ne ya taimake ni da na yi haka. Turakun da suka zo da shi 'yan sirara ne kamar wayar shanya. An yi su ne don ƙasa mai laushi da ciyawa irin ta Turai. Ƙasarmu a rani kamar daɓe take, bugu biyu na yi wa na farko ya lanƙwashe. Na tafi wajen mai walda ya yanka mini rodi, kowanne tsawon taƙi ɗaya da rabi, ya fiƙe bakin ya lanƙwasa kan, guda ashirin. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma a duk kayan da na haɗa babu abin da ya kai su amfani. Na ƙara da ƙaramar guduma. Mu biyu da babban ɗana mukan gama kafawa cikin minti ashirin zuwa ashirin da biyar; mutum ɗaya zai sha wuya, don sai wani ya riƙe sanda ɗaya yayin da ake zura ɗaya.

A ƙauye mun kafa shi a bayan gidan Baffa, inda aka cire gero. Nan ma akwai darasi. Ƙasan tantin leda ce mai kauri irin ta tamfol, amma kututturen kara da tsidau da ƙarangiya ba ruwansu da kaurinta. Muka share wurin sarai, muka shimfiɗa tsohon tamfol, sannan aka ɗora tantin a kai. Duk da haka katifar iska da na saya da tsada ba ta ga asuba ta biyu ba. Ƙarangiya ɗaya ta biyo zanen yarinya, da tsakar dare sai muka ji mu a ƙasa. Ko kafin ta sace ma sanyi take yi, domin iskar da ke cikinta tana ɗaukar sanyin ƙasa. Tabarmar roba da siririyar katifar soso irin ta 'yan makarantar kwana, sai bargo ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, su suka fisshe mu. Ban sake sayen katifar iska ba.

Game da sanyi, kada kowa ya ɗauka tanti ɗaki ne. Iska yake tarewa, ba ya riƙe ɗumi. Kusa da ruwan dam ɗin Dadin Kowa kuwa sanyin asuba sai wanda ya ji. Daren farko muka toshe ko'ina, har 'yan tagogin sama, da safe muka tashi rufin yana ɗiga ta ciki. Na zaci raɓa ce ta ratso, ashe numfashinmu ne, na mutum shida, ya taru a jikin yadin. Yadin foliyesta ne, ba ya shan danshi kamar auduga. Da muka bar tagogin sama a buɗe, da raga kawai, sai ɗigar ta ragu sosai, kuma sanyin bai ƙaru yadda muka ji tsoro ba.

A dare na biyu Goggo ta zo da kaskon garwashi a hannunta. Ta ce, "Ɗan nan, jikata tana tari, ka bari a sa mata wuta a ciki ko na ɗan lokaci ne." Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, wannan kam ba zai shiga ba." Ranta bai so ba, ni ma ban ji daɗin musa mata ba, amma wannan ba abin kara ba ne. Gawayi yana fitar da gubar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba zai san tana shigarsa ba. Ga yadin kuma, in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya ɗiga a jikin mutum. Murhu, risho, kyandir, har maganin sauro na kunnawa, duk a waje. Muka ɗumama ruwa muka zuba a gora, aka naɗe da zane aka sa wa autar a ƙafa, ta yi barcinta.

Inda tantin ya fi burge ni shi ne ƙasansa a ɗinke yake da bangon, ya tashi kamar tasa, kuma kowace ƙofa da taga tana da raga mai ƙananan ido. In an ja zif, an rufe ke nan. A jiharmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Kububuwa tana da yawa a yankin, kuma lokacin kaka da aikin gona ne ta fi yi wa mutane illa. Na kafa wa yara doka biyu: ba a barin zif a buɗe ko da fita ɗaya za a yi a dawo, takalma kuma a cikin buhu suke kwana, a ɗaure. Safiya ta uku da muka ɗaga gefen tamfol muka ga kunama a kwance a ƙarƙashi. Daga ranar ban sake tuna wa kowa dokar ba.

Zif ɗin kansa shi ne farkon abin da ya fara ba mu matsala. Ƙurar hunturu ta shiga haƙoransa, yara kuma da ƙarfi suke ja. Tsohon buroshin haƙori da guntun kyandir da ake gogawa a kai suka daidaita shi. Kada a sa masa mai, ƙura zai ƙara kamawa.

Wani abin da mai kanti ba zai faɗa maka ba: in an kunna fitila a ciki da dare, na waje yana ganin inuwar kowa a jikin bango. Maiɗakina ce ta lura tun daren farko. Ta ce, "Baban yara, fita ka duba mu daga waje." Na fita na gani da idona. Tun daga nan fitilar sola a sama muke rataye ta, a tsakiya, kuma ana kashe ta in za a canza kaya. Ɓangaren mata kuma muka kewaye shi da zannuwa ta ciki. Da zan sake saye, mai duhun launi zan nema.

A watan Afrilu, da zafin Gombe ya kai inda ya saba kaiwa, wajen digiri 40, ga wuta ba ta zama, sai muka dawo da shi tsakar gida. Muka cire rufin sama muka bar ragar kaɗai, ya zama wani ƙaton gidan sauro na mutum shida. A gaskiya a wannan aikin ne ya fi biyana kuɗina. Da fanka mai caji guda ɗaya yara suna barci har asuba. Amma da rana ba a shigarsa. Daga hantsi ya zama tanda, ko a inuwar darbejiya ne. Kuskuren da na yi shi ne barinsa a kafe kusan sati uku. Rana tana cin foliyesta. Gefen da ke kallon yamma ya koɗe, kuma in ka taɓa za ka ji ya fi sauran bushewa. Yadin auduga mai kauri, irin na tantunan da, ya fi sanyi kuma ya fi jure rana, sai dai nauyinsa ba na ƙaramar mota ba ne, kuɗinsa ma haka.

Ƙarshen Mayu ne aka yi masa babban gwaji. Mun je gona ni da manyan yaran biyu don sharar shuka, muka kwana. Bayan isha'i hadari ya taso daga gabas, da iskar nan mai ƙura da ke riga ruwan fari. Na yi sakaci ban ɗaure igiyoyin gefe duka ba, huɗu kawai na ja cikin takwas. Dogon bangon ya tari iska kamar zana, ya kwanto har ya taɓa mu, sai muka ji ƙarar sanda ɗaya ta tsage. Sandunan na fayiba ne, suna lanƙwasa, amma in sun wuce iyaka tsagewa suke yi a tsaye, tsilla-tsillansu kuma suna shiga hannu. Na alminiyam sun fi ƙarfi da sauƙin nauyi, in sun gaza lanƙwashewa suke yi, ana iya miƙe su. Cikin ruwan na fita da tocila na ja sauran igiyoyin, na ɗaure sandar da kara da robar tayar keke, muka kai safe. Rabin laifin nawa ne, amma sandar da ta fi wannan kauri ba za ta tsage a iska ta farko ba.

Ruwan kansa bai ratsa yadin ba. A jikin jakar an rubuta 2000mm, ma'ana yadin yana iya riƙe ruwan da ya kai tsawon milimita dubu biyu a kansa kafin ya fara tsatsa. Ƙasa da 1500 ban ba da shawara ga daminarmu ba, 3000 ya fi kwanciyar rai. Inda ya yi yoyo shi ne ɗinki biyu na kusurwa, inda ledar da aka manna a bayan ɗinkin ta ɗago. Sai kuma tamfol ɗin ƙasa da na bari ya leƙo waje, ya tara ruwa ya tura shi ƙarƙashinmu. Dole a naɗe bakinsa ya shige ciki. Washegari a jiƙe muka naɗe shi saboda sauri, na kwana biyu ban shanya ba, da na buɗe har ya fara warin fumfuna. Tabon yana nan har yau a ɓangaren yara.

Da muka je Yankari da ƙaramar Sallah na sa tantin a but ɗin mota, amma ban fito da shi ba. Da na ga yadda gwaggon biri da mugun dawa suke yawo a sansanin Wikki, birai kuma suna fizge duk ledar da suka gani a hannun yaro, sai muka kama ɗaki. Yadi da zif ba za su tare su ba in sun ji ƙanshin abinci. Yara suka sha wankansu a ruwan ɗumin nan na Wikki mai digiri 31, muka dawo ta Dindima washegari.

Ga mai iyali irin nawa da zai yi amfani da shi sau uku ko huɗu a shekara, a biki ko a gona ko a tsakar gida lokacin zafi, tantin ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin a canza turaku tun ranar farko, a ja igiyoyi duka ko da sama tana tas. Ga wanda zai zauna a ciki wata da watanni, kamar mai gadin gonar rani, wannan ba nasa ba ne, rana za ta cinye shi kafin damina. Sandar da ta tsage har yanzu ban sami irinta a Gombe ba. Mai waldar nan ya yanka mini guntun bututun ƙarfe na zura a wurin na naɗe da salatif, da ita muka kafa shi a sunan ɗan ƙanwata makon jiya, kuma ta riƙe.