Kundin adabin Amurka na gwanjo daga kasuwar Wudil: karatun ya biya kuɗinsa, hotunan kuwa sai haƙuri

Duk malamin Turanci da ke koyarwa a ƙauye irina, in ya shiga kasuwar Wudil ran Juma'a, ya daure ya leƙa wurin dattijon nan mai baza littattafan gwanjo a kan leda. Yawancin kayansa tsofaffin littattafan lissafi ne da na kimiyya, amma a ƙasan tulin na zaƙulo wani ƙaton kundi na adabin Amurka, tun daga zamanin mulkin Ingila har zuwa wajen 1860. Na ce, "Baba, nawa?" Ya ce naira 5,000. Na taya 3,000, ya ce albarka, muka daidaita a 3,500.

Takardarsa shara-shara ce, rubutun kuma ƙanana ƙwarai, da fitilar waya idonka zai yi ruwa kafin ka gama shafi. Na kai shi shagon kwafi don in raba wa ɗalibai, sai rubutun bayan shafi ya riƙa fitowa a kan na gaba. Gara ta ɗan taɓa gefen shafukan ƙarshe, amma ba ta kai ga rubutu ba.

Gabatarwar kaɗai ta mayar mini da kuɗina. Amurkawa sun ayyana 'yancinsu a 1776, amma shekara da shekaru abin da suke karantawa na Landan ne. Dalilin har da na ciniki. Dokar haƙƙin mallaka ta 1790 marubutan gida kaɗai ta kare, don haka mai ɗab'i a Filadelfiya zai buga littafin Walter Scott, marubucin Birtaniya, bai biya ko sisi ba. To, me zai sa ya biya ɗan ƙasarsa da ba wanda ya san shi? A 1820 wani Baturen Ingila, Sydney Smith, ya yi musu gori a mujallar Edinburgh Review, yana tambayar wa ke karanta littafin Amurka a duk faɗin duniya. Masu zane ma hijira suke yi. Benjamin West ya bar Pennsylvania ya zauna a Landan, har ya zama shugaban Royal Academy, cibiyar masu zane ta Ingila, a 1792.

Labarin da na fi jin daɗin koyarwa shi ne "Rip Van Winkle" na Washington Irving, wanda ya fito a 1819. Wani malalaci ne ya guje wa masifar matarsa, ya hau duwatsun Catskill da karensa, ya sha abin da wasu baƙi suka ba shi, ya yi barcin shekara 20. Ban kai ƙarshe ba wata ɗaliba a SS2 ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai wannan Ashabul Kahfi ne." Wurin da na tsayar da su shi ne allon ƙofar masauƙin garin. Da, hoton Sarki George na Ingila ne a jiki. Da Rip ya dawo, bayan Amurka ta sami 'yanci, fuskar tana nan yadda take, an dai sauya jar rigar da shuɗiya, an cire sandar sarauta an sa takobi, an rubuta Janar Washington a ƙasa. Ni a ganina Irving tsokanar mutanensa yake yi, kuma har da kansa, domin a Ingila ya rubuta labarin, ƙashinsa kuma daga tatsuniyar Jamus ya aro shi. Sai dai duwatsun da kogin Hudson da mutanen ƙauyen duk na gida ne, kuma daga nan aka fara.

Guntun da aka tsakuro daga The Last of the Mohicans na Cooper, na 1826, ya cika ja, ɗalibai har hamma suke. Jawabin Emerson na 1837 a Harvard, inda ya ce sun daɗe suna sauraron Turai, ya yi wa 'yan sakandare nauyi. Whitman kuwa, da waƙoƙinsa na 1855 marasa amsa-amo, rigima ya tayar a aji. Yaran da suka tashi da waƙa mai ƙafiya suka ce atafau wannan ba waƙa ba ce, surutu ne aka jera.

Inda kundin ya ba ni haushi shi ne hotunan da ke tsakiya, duk baƙi da fari. Akwai zanen Thomas Cole na 1836, The Oxbow. A asalinsa, hagu daji ne da hadari da karyayyen itace, dama kuwa gonaki ne cikin rana, kogin Connecticut ya yi gwiwa a tsakaninsu, mai zanen kansa yana ɗan ƙarami a ƙasa. A nan gefen hagu baƙi ƙirin kawai ya fito, mai zanen ma ya ɓace. Sai da na sami sabis na buɗo shi a waya sannan yaran suka gane abin da ake nufi da cewa masu zanen kogin Hudson sun mai da dajin ƙasarsu abin alfahari. Wanda zane ya dama kada ya saya don wannan.

An sa Phillis Wheatley, baiwar da aka sato daga Afirka ta Yamma, wadda sai a Landan aka buga waƙoƙinta a 1773. An sa tarihin rayuwar Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, na 1845. Amma babu Umar ɗan Sa'id, malamin Futa Toro, a yankin kogin Senegal, da aka bautar a Karolina ta Arewa, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya kuma buɗe shi da Suratul Mulk. Shi ma a ƙasar ya rubuta, a zamanin su Irving da Cooper. Dole na rubuta bayaninsa a allo da hannuna, kuma tambayoyin da yaran suka yi a kansa sun cinye mana darasin ranar gaba ɗaya.