Gargaɗi ga masu tara littattafan Tolkien: an ci mini fam 1,330 a kan littafi guda

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, kuma kunya ce ta hana ni rubuta shi tun da wuri, amma da na tabbatar mutumin nan yana nan yana ci gaba da sana'arsa, sai na ga yin shiru taimaka masa ne. Wani mutum a nan Ingila, mai cewa yana sayar da littattafan da ya gada daga mahaifinsa, ya karɓi fam 1,330 daga hannuna a kan kwafi ɗaya na The Children of Húrin, wato bugun nan mai bangon fata da kamfanin HarperCollins ya fitar a 2007, wanda kwafi 500 kacal aka yi, kowanne da lambarsa, kowanne ɗauke da sa hannun Christopher Tolkien, ɗan marubucin, da na mai zane Alan Lee. Fam 1,150 kuɗin littafi, fam 180 kuɗin inshora da ɗan aike, jimilla fam 1,330. Abin da ya iso ƙofata shi ne bugun gama-gari mai bangon takarda, wanda ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi, irin wanda ake samu a shagon gwanjo da 'yan canji.

Kafin wani ya ce mini wauta ce, ina so a san cewa ni ba baƙo ba ne a wannan harka. Tun ina ɗalibi nake tara littattafan J.R.R. Tolkien, kuma a kantata akwai bugun farko na The Silmarillion na 1977, akwai na cikar shekara hamsin na The Lord of the Rings da aka yi a 2004, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da na saya ido rufe. Na san yadda ake duba shafin haƙƙin mallaka, na san bambancin bugun farko da maimaicinsa, na san cewa rigar littafi takan fi littafin kansa daraja a wurin masu tarawa. Wannan kwafin na daɗe ina nemansa, domin Christopher shi ne ya kwashe shekaru yana tsefe takardun da mahaifinsa ya bari yana mayar da su littattafai, kuma tun da ya rasu a watan Janairun 2020 babu wani sabon sa hannu nasa da zai sake fitowa. Kwafi 500 ɗin nan su ke nan, kuma masu su ba sa saurin saki.

Abin da nake ta juyawa a raina, dare da rana, shi ne hirar da muka yi ta waya. Bai matsa mini ba ko kaɗan. Muryarsa a kwance take, irin ta dattijon da ba ya gaggawar komai. Ni ne ma na yi masa tambayoyin gwaji, na tambaye shi ko mahaifin nasa ya bar bugun farko na The Hobbit, sai ya yi dariya ya ce ina shi ina wannan, kwafi 1,500 ne kawai kamfanin Allen & Unwin ya buga a watan Satumban 1937, kuma ya kawo maganar kuskuren ɗab'in da ke jikin rigar littafin wanda aka bi aka gyara da alƙalami. Duk daidai ne. Daga nan sai ya gargaɗe ni, shi da bakinsa, ya ce in yi hattara da masu sa hannun jabu, domin ya taɓa ganin ana tallar The Silmarillion wai da sa hannun Tolkien kansa, alhali mutumin ya rasu a 1973, littafin bai fito ba sai 1977. Muka yi dariya tare a kan wautar masu faɗawa irin wannan tarko. Ina maimaitawa, muka yi dariya tare, ni da shi, kuma ya riga ya san abin da zai aiko mini.

Sannan maganar akwatin da littafin yake zuwa a ciki. Farashinsa na farko fam 1,250 ne. Ban nemi ragi ba, Allah shi ne shaida, shi ne ya ce a kusurwar akwatin ta ƙasa akwai ɗan lotsewa da ba ta fito a hoto ba, kuma ba zai so in buɗe in ji an ɓoye mini wani abu ba, saboda haka ya sauke fam 100. Wane ne a cikinku zai ji mai kaya ya tona aibin kayansa da kansa, ya rage kuɗi ba a roƙe shi ba, sannan ya zarge shi? A daidai wannan lokaci ne zuciyata ta kwanta, kuma har gobe ina cewa duk mai hankalin da ya ji wannan maganar a yadda na ji ta, zuciyarsa za ta kwanta. Ya bar mini fam 100 domin ya ɗauke fam 1,330.

Na nemi hujja, kada a ce ban nema ba. Na ce ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda, ya ajiye kusa da shafin da ke ɗauke da lambar kwafin da sa hannun biyu, ya ɗauki hoto. Ya aiko. Wannan kafin hirar wayar ne ma, ina jin, domin bayan hoton ne na nemi lambarsa. Yanzu da na buɗe hoton a babbar kwamfuta na faɗaɗa shi, ina ganin inuwar littafin ta faɗi hagu, takardar kuwa ba ta da inuwa ko kaɗan, gefenta a yanke tsaf, kuma ta hau kan kusurwar shafin ba tare da ta danne shi ba. Liƙa ta aka yi da kwamfuta. A fuskar waya, da dare, babu wanda zai lura da wannan, kuma duk wanda ya ce zai lura, bayan an faɗa masa ne yake magana.

Wajen biya ya ce ba ya karɓar kuɗi ta hanyoyin nan masu ba mai saye kariya, wai an taɓa cutarsa, wani ya karɓi littafi ya ce bai iso ba aka mayar masa da kuɗinsa. Ya ce in tura kai tsaye zuwa asusun banki. Na san da katin bashi doka tana kare mai saye a kan abin da ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000, amma mutumin da ke sayar da kayan gado daga gidansa ba shi da na'urar karɓar kati, kuma haka ake ciniki tsakanin masu tarawa kullum. Da na saka bayanan asusun, manhajar banki ta nuna sunan ya yi daidai da wanda ya ba ni. Na tura fam 1,150. Fam 180 ɗin daga baya ne, bayan ya ce ya je aikawa an gaya masa littafi mai wannan daraja sai da inshora ta musamman. A'a, ya fara ambatar inshorar tun a waya, adadin ne bai faɗa ba sai da kuɗin farko suka shiga. Ko ma dai yaya ne, na tura, domin wanda ya biya fam 1,150 ba zai bar littafinsa ya bi hanya ba kariya saboda fam 180.

Ƙunshin ya iso da nauyinsa, an naɗe shi da takarda ruwan ƙasa, an laɓta masa salatif ta ko'ina, kuma na sa hannu na karɓa da murna. Maiɗakina tana tsaye sa'ad da na yanka shi. Tsofaffin jaridu ne a dunƙule, a ƙarƙashinsu ɓallen tayil na ɗakin wanka guda biyu an haɗa su da roba domin su ba da nauyi, sannan ɗan littafin nan mai bangon takarda, da tambarin kofin shayi a bayansa. Ba ta ce komai ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi, domin ta san daga inda fam 1,330 ɗin suka fito.

A nan makircin yake, kuma shi nake so a fahimta. Bai gudu nan take ba. Da na kira shi ya ɗauka, ya yi ta ba da haƙuri, ya ce ƙunshina ne ya musanya da na wani, in dakata ya karɓo. Ya yi ta ja na da gobe, jibi, har lambar ta daina shiga. Ya aiko da wani abu ne da gangan domin takardar ɗan aike ta nuna an kawo kaya, an sa hannu, kuma sunan littafin ma daidai ne. Tun daga 7 ga Oktoban 2024 akwai ƙa'ida a Birtaniya da ta wajabta wa bankuna mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi haƙƙinsa, har zuwa fam 85,000, amma ba ta shafi saɓanin ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa ba. Abin da ma'aikacin bankin da na fara magana da shi ya jingina da shi ke nan, wai tun da littafi ya iso, wataƙila saɓani ne. Tayil ɗin ɗakin wanka saɓani ne? Ban yarda ba, na shigar da koke a rubuce, na kuma kai rahoto ga hukuma, kuma maganar tana nan ba ta mutu ba.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin in je banki na gano asalin hotunan. Daga tsohon kundin wani gwanjo ya kwashe su, har da ƙyallen da aka shimfiɗa littafin a kai. Bayan haka wasu mutum biyu suka same ni, kowannensu ya biya kuɗin wannan kwafin mai wannan lambar, kowannensu an rage masa fam 100 saboda kusurwar akwati. Ba zan faɗi lambar ba, domin akwai mai kwafin na gaskiya wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Sunan asusun ma ba zan wallafa ba tukuna, domin mai yiwuwa ne na wani ne aka ara. Amma hotunan hirarmu, da rasit biyu, na fam 1,150 da na fam 180, da hoton tayil, duk zan fitar da su da zarar na rufe adireshina. Yanzu haka ya canza suna yana tallar bugun The Lord of the Rings na 1969, mai siririyar takarda a mujalladi ɗaya, kuma wannan karon kawunsa ne ya rasu.

Kada ku tura kuɗi asusun wanda ba ku sani ba. Ku nemi kiran bidiyo, ya buɗe shafin lambar a gabanku yana juya shi, ku kuma bincika hoton a intanet ku ga ko ya taɓa fitowa. In ya ƙi, ku bar masa kayansa. Duk wanda aka yi wa wannan labarin na kusurwar akwati ya neme ni da rasit ɗinsa, domin bankin ya ce yawan masu koke a kan asusu ɗaya yana canza yadda ake duba maganar, kuma ni fam 1,330 ɗina nake nema.